Kwana Uku a Birnin da Ruwa Ya Gina

Wanda ke da kwana uku kacal a hannunsa ba zai ga Angkor duka ba, kuma gara ya san da haka tun kafin ya ɗaure jakarsa. Filin da aka keɓe wa kangayen tsohuwar daular Khmer, a arewa maso yammacin Kambodiya, ya kai murabba'in kilomita 400, ga kuma wasu gine-ginen warwatse cikin dazuzzuka nesa da shi. Tikitin baƙo dala 37 ne na yini ɗaya, dala 62 na kwana uku, dala 72 na kwana bakwai. 'Yan ƙasa kuwa kyauta suke shiga. Na tsakiyan ne aljihuna ya iya ɗauka. Tun da taura biyu ba ta taunuwa, dole matafiyi irina ya zaɓi zare ɗaya ya bi, ya haƙura da saura. Ni ruwa na zaɓa, domin shi na shekara huɗu ina karantawa, kuma a aji ne na fara jin sunan Angkor, cikin darasin yadda birane ke tara ruwan damina su ajiye don rani.

A Malesiya na yi digirina na injiniyancin ruwa. Da na kammala, sai na ga tsakanin Kuala Lumpur da Siem Reap, garin da ke bakin kangayen, tafiyar kimanin sa'a biyu ce a jirgi, kuma idan na koma gida ban je ba, da wuya dama ta sake zuwa. Da na faɗa wa kawuna a waya, sai ya ce, "Kai ɗan nan, me za ka gano a kangon da masu shi suka daɗe da zama ƙasa?" Na ce, "Kawu, magudanun ruwansu zan je dubawa." Ya yi dariya har da tari, ya ce tun da na ga ribar haka, Allah ya kiyaye hanya. A watan Nuwamba na sauka, damina ta ɗauke ke nan, tafkuna cike, gonakin shinkafa kore shar har iyakar gani.

Abin hawan da ya dace da wurin shi ne wanda suke kira tuk-tuk: babur ne da aka ɗaura wa keken zama a baya, ɗan'uwan a-daidaita-sahu. Mutum ya ɗauki direba ɗaya na kwanakin duka, su shirya kuɗi tun da farko. Akwai ƙa'idar sutura, kafaɗa da gwiwa a rufe, domin har gobe mabiya addinin Buda suna ibada a cikin gine-ginen.

Ranar farko ta Angkor Wat ce. Kafin asuba ta waye dubban baƙi suke cika bakin wani ɗan tafki da ke gaban ginin, kowa da wayarsa a sama, ana jiran rana ta ɓullo ta bayan hasumiyoyi biyar. Abin kallo ne, babu musu. Amma lokacin da ya fi daɗi shi ne bayan rana ta fito, sa'ad da taron ya watse neman karin kumallo, aka bar mutum da dogayen barandu da ƙarar takunsa. Sarki Suryavarman na Biyu, wanda ya hau mulki a 1113, shi ya gina wurin don Vishnu, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Hindu, daga baya ya koma hannun mabiya Buda. Shekarar ta tsaya mini a rai, domin tarihin sarakunan Kano ya sanya mulkin Gijimasu, wanda ya fara ginin ganuwa, tsakanin 1095 da 1134. Ashe lokacin da ake dunƙule tubali a gindin Dala, a nan ana jan duwatsu daga tsaunin Kulen, mai nisan kimanin kilomita 40, ana bi da su ta magudanu. Aka jera su ɗaya kan ɗaya ba tare da abin ɗamri ba, har hasumiyar tsakiya ta kai mita 65 daga ƙasa.

A barandar gabas akwai sassaƙar da ta kusan mita 50 a tsayi. Tana nuna wata tatsuniyar Hindu: rundunoni biyu masu gaba da juna sun kama wani ƙaton maciji, waɗannan ta kai, waɗancan ta wutsiya, suna jan sa gaba da baya don su kaɗa teku kamar yadda ake kaɗa nono a fitar da mai. Na daɗe a gabanta, amma abin da ya fi riƙe ni yana waje. Ginin yana zaune ne tsakiyar wani gwalalo mai faɗin mita 190, wanda kewayensa ya haura kilomita biyar. Baƙo yakan ɗauke shi ado ne ko kariya daga maƙiya. Masu nazarin ruwan wurin sun nuna yana da wani aikin: harsashin ginin a kan yashi yake, yashi kuwa yana da ƙarfi muddin danshinsa bai sauya ba. Idan ya bushe a rani ya kumbura a damina, duwatsun da ke kansa za su goce. Gwalalon nan shi ke riƙe danshin ƙasa daidai duk shekara. Wato da za a zuƙe ruwan, hasumiyoyin da ke jikin tutar Kambodiya da sun fara tsagewa.

Da la'asar sakaliya sai Angkor Thom, birni mai ganuwar marmara wadda kowane ɓangarenta ya kai kilomita uku, da ƙofofi biyar. Jayavarman na Bakwai ya gina shi bayan ya hau mulki a 1181, shekara huɗu da harin da mutanen Cham suka kawo suka wargaza tsohon babban birnin. A tsakiyarsa Bayon yake, mai manyan fuskokin dutse fiye da 200, kowace da ɗan murmushi, suna duban gabas da yamma, kudu da arewa. Kowa sama yake kallo a Bayon. Shawarata ita ce a sauke ido zuwa bangon waje, a bi sassaƙar da ke can ƙasa. A nan talaka ya samu shiga: ga mata a kasuwa suna cinikin kifi, ga maza sun yi da'ira suna caca a kan faɗan zakaru, ga mace tana naƙuda ungozoma na tallafe da ita, ga masu girki sun ɗora tukunya. Daga sama kuma yaƙin jiragen ruwa ne, kadoji suna cafke waɗanda suka faɗa. Wannan bango yana da daraja ta musamman, domin a Angkor abin bauta kaɗai ake gina wa ɗakin dutse. Gidajen mutane, har fadar sarki, da katako da ciyawa aka yi su, kuma gara da ruwan sama sun daɗe da cinye su. Baya ga bangon, babbar shaidar rayuwar yau da kullum ita ce rubutun Zhou Daguan, ɗan tawagar Sin da ya zauna a birnin daga 1296 zuwa 1297, wanda ya ba da labarin ana girbin shinkafa sau uku ko huɗu a shekara, kuma mata ne ke riƙe da kasuwa.

Mutanen Cham ɗin da aka sassaƙa a matsayin abokan gaba suna nan har yau, kuma a hannunsu na ci abinci. Daularsu ta Champa tana inda tsakiya da kudancin Biyetnam suke a yanzu. Da ta rushe, da yawansu suka ƙaura Kambodiya, kuma akasarin zuriyarsu a can Musulmi ne. Suna da unguwa da masallaci a Siem Reap, da 'yan gidajen abinci na halal a kewaye. A can na ɗanɗani amok, kifi ne da ake turarawa da madarar kwakwa cikin ganyen ayaba.

Rana ta biyu a fara da Ta Prohm, da sassafe, kafin manyan motocin 'yan yawon buɗe ido su iso. Shi ne wurin da itatuwa suka hau gini: wasu masu kama da rimi, wasu dangin ceɗiya, saiwoyinsu sun kwararo ta kan rufi sun rungume bango. Fim ɗin Tomb Raider na 2001 ya ƙara masa suna, har ana layi don ɗaukar hoto a gindin wata bishiya. Masu gyaran wurin, ƙwararru daga Indiya da takwarorinsu na Kambodiya, suna cikin tsaka mai wuya, domin saiwar da ta raba duwatsu ita ce kuma take riƙe da su. A sare ta bango ya zube, a bar ta ta ci gaba da tsaga shi. Jayavarman na Bakwai ya keɓe ginin ga mahaifiyarsa a 1186, kuma rubutun dutsen da aka samu a ciki ya lissafa masu yi masa hidima: fiye da mutum 12,500 a cikinsa, har da 'yan rawa 615, sai kusan mutum 80,000 a ƙauyuka waɗanda ke noma abin da ake ciyar da shi. Na tsaya ina juya lissafin nan a raina. Gidan ibada ɗaya ke nan daga cikin masu yawa. Sarkin dai an san shi da gina asibitoci 102 a faɗin ƙasarsa, amma duk wannan alheri a kan wuyan manomin shinkafa ya rataya, shi kuma manomin a kan ruwa.

Daga nan a wuce Preah Khan, wanda aka keɓe ga mahaifin sarkin a 1191, sai Neak Pean, ɗan tsibiri tsakiyar tafki da ake isa gare shi ta wata doguwar gada. Tafki ɗaya ne a tsakiya da ƙanana huɗu a gefe, ruwa yana fita zuwa kowanne ta bakin kan giwa, doki, zaki ko mutum, kuma ana ganin marasa lafiya ne ke zuwa wanka a ciki. Amma wurin da na ajiye wa yammacin ranar, wanda baƙi kaɗan ne ke damuwa da shi, shi ne Baray ta Yamma. Tafki ne na hannu mai tsawon kilomita takwas da faɗin fiye da biyu, aikin ƙarni na 11, kuma har yau yana riƙe da ruwa. Dabarar ginin ta burge ni. Ƙasar Angkor tana gangara a hankali daga tsaunin Kulen a arewa zuwa tafkin Tonle Sap a kudu. Sai maginan suka ɗaga ganuwar ƙasa ta kewaye fili, suka tare ruwan a sama da gonaki, yadda in an buɗe masa ƙofa zai gangara da kansa. Masana sun daɗe suna gardama a kan ko tafkunan na ban ruwa ne ko na addini. Ni da na zauna a kan ganuwar, yara suna ninƙaya a ƙasa, iyalai sun shimfiɗa tabarmi suna cin gasasshen kifi, ban ga abin da zai hana su zama duka biyun ba.

Binciken shekarun baya-bayan nan ya faɗaɗa labarin. A 2012 da 2015 an yi shawagi da jirgi mai saukar ungulu ɗauke da na'urar leza mai ratsa ganyen daji ta auna tudu da kwarin ƙasa. Sai ga tituna, unguwanni, ƙananan tafkuna da magudanu sun bayyana a ƙarƙashin kurmi. Birnin da kewayensa sun mamaye kusan murabba'in kilomita 1,000, kuma an ƙiyasta mazaunansa sun kai 700,000 zuwa 900,000 a ganiyarsa. Zoben cikin tsofaffin itatuwa a Biyetnam kuma ya nuna an yi dogon fari a ƙarni na 14 da farkon na 15, da daminoni masu tsananin ruwa a tsakani. Fari ya bar magudanu a bushe, ambaliya ta zo ta yaga wasu, ta cike wasu da yashi. Tsarin da kowane sashensa ya dogara da ɗan'uwansa, idan ya ɓalle a wuri ɗaya sai ɓarnar ta bi layi. Ga yaƙi da daular Ayutthaya, wadda ake danganta wa mamaye birnin a 1431, ga fataucin teku da ya ja hankalin masu mulki zuwa kudu, wajen Phnom Penh. Mutane suka riƙa zamewa kaɗan-kaɗan. Angkor Wat dai ba a taɓa barinsa ba. Malaman Buda sun ci gaba da zama a ciki. Wani limamin Kirista ɗan Fotugal ya gan shi a 1586, wani Bajapane ya bar rubutu a bangonsa a 1632, duk tun kafin zuwan Bafaranshen nan Henri Mouhot a 1860, wanda wasu littattafai suke cewa wai shi ya gano wurin.

A kan wannan ganuwa tunanin gida ya zo mini. Kududdufan Kano ramuka ne da aka ɗebi ƙasar gini, kuma ɗaruruwan shekaru suna shanye ruwan damina. Na taso ina ganin ana cike su da shara, a yanka filaye, a dasa shaguna, sannan Agusta ta zo ruwa ya shiga ɗakunan mutane a ce ikon Allah. Ikon Allah ne, amma ruwa ba ya manta hanyarsa.

Rana ta uku ta fi nauyi a zuciya. Da hantsi a tafi Banteay Srei, tafiyar kusan sa'a guda arewa da gari. Ƙaramin gini ne na jan dutse, an kammala shi a 967, kuma wani malami mashawarcin sarki ne ya gina shi. Sassaƙarsa ta fi ta ko'ina laushi, sai ka ce aikin allura a wuyan babbar riga. Kyan nan ya jawo masa ɓarayi. A 1923 wani matashin Bafaranshe, André Malraux, ya yanke wasu sassaƙe-sassaƙe daga jikinsa don ya sayar. Aka kama shi a Phnom Penh, aka mayar da kayan. Mutumin nan daga baya shi ya zama ministan al'adu na Faransa. Satar da ta fi muni ta zo a shekarun yaƙin basasa, kuma ita ce dalilin da ya sa baƙo zai ga gumaka da yawa babu kai, ko ƙafafu kawai a kan dandamali. A 2019 hukumomin Amurka suka tuhumi dillalin kayan tarihi Douglas Latchford da fataucin irin waɗannan kaya. Ya mutu a 2020 kafin shari'a, amma tun daga nan gidajen tarihi na ƙasashen Yamma suke ta mayar da abin da ya bi ta hannunsa.

Yaƙin bai tsaya a kan duwatsu ba. Tsakanin 1975 da 1979 mulkin Khmer Rouge ya halaka mutum miliyan ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma 'yan Cham suna cikin waɗanda aka fi gallaza wa. A Wat Thmey, cikin garin Siem Reap, akwai ɗan ɗaki mai gilashi da aka tara ƙoƙon kawunan wasu daga cikinsu. Nakiyoyin da ɓangarori daban-daban suka binne kuwa sun kashe ko sun nakasa fiye da mutum 60,000 tun 1979. Makaɗan da ke zaune a bakin hanyar shiga Ta Prohm, ƙafafun roba jingine a gefensu, daga cikinsu suke. Saboda haka ya kamata a ware sa'a ɗaya ga cibiyar ƙungiyar APOPO, inda na tarar da abin da ban zata ba a wannan nisan duniya: gafiya. Irin ta Afirka ce, ƙanwar wadda yara ke haƙa a bayan gari, ana horar da ita a Morogoro ta Tanzaniya. Hancinta yana jin ƙanshin sinadarin nakiya, nauyinta kuma bai kai ya tayar da ita ba. Ana ɗaura mata ɗamara, ta bi igiya tsakanin mutum biyu, in ta ji abu ta tona ƙasa, a ba ta ayaba. Wata mai suna Magawa ta gano nakiyoyi da sauran abubuwan fashewa fiye da 100, aka ba ta lambar zinariya a 2020, ta mutu a Janairun 2022. Mu a gida karin maganarmu cewa take gafiya ta tsira da na bakinta. A nan ita ce take tsirar da ƙafafun manoma.

Da yamma a rufe da Tonle Sap, ta ƙauyen Kampong Phluk. A damina kogin Mekong yakan cika har ya tura ruwa baya, kogin Tonle Sap ya juya ya riƙa gudu zuwa tafkin maimakon fita daga cikinsa, tafkin ya kumbura ya ninka girmansa sau biyar ko fiye. Kifi ya shiga dajin da ruwa ya shanye ya hayayyafa, kuma da shi ake yin prahok, kifin da ake tsimawa da gishiri, wanda yake musu kamar yadda daddawa take mana. Gidajen ƙauyen a kan dirkoki suke masu tsayin mita shida ko fiye. A Nuwamba kwalekwale yana kai mutum bakin ƙofa. A Afrilu sai an hau dogon tsani. Mata ne ke tuƙa baƙi cikin dajin ruwan, kuma kuɗin da aka miƙa musu hannu da hannu ya fi tabbas isa gida. A 2019 da 2020 juyawar kogin ta makara, kamun kifi ya ragu, abin da masana suka danganta da fari da kuma madatsun ruwa da aka gina a saman Mekong.

Akwai abu biyu da baƙo ya kamata ya sani game da zuwansa shi kansa. A 2018 baƙi fiye da miliyan biyu da rabi suka sayi tikitin Angkor, kuma an daɗe ana nuna damuwa a kan yadda otal-otal ke zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa, wato danshin da harsashin gine-ginen ke buƙata. Na biyu, tun 2022 aka tayar da kimanin iyalai 10,000 daga cikin filin kangayen, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 1992, aka kai su wurare irin su Run Ta Ek. Gwamnati ta ce da yardarsu suka tashi, kuma don kare wurin ne. Ƙungiyar Amnesty International, a rahotonta na Nuwamban 2023, ta ce tilasta musu aka yi. Tsabtar da baƙo ke yabawa a bakin gwalalon Angkor Wat, akwai waɗanda suka biya ta da muhallinsu. Abin da ke hannun mai kwana uku kaɗan ne: ya taƙaita ruwan da yake zubarwa a masauki, ya ci abinci a rumfunan ƙauye, ya ɗauki ɗan jagora na gari, kada ya taɓa sassaƙa da hannu, kada kuma ya sayi wani tsohon dutse komai ƙanƙantarsa.

Ban je Koh Ker ba, ban hau tsaunin Kulen ba inda Jayavarman na Biyu ya kafa daular a 802, ban ga Beng Mealea ba. Mai kwana bakwai ya ƙara da su. Abin da na dawo da shi ɗan littafin aljihu ne cike da zanen ganuwoyi, ƙofofin ruwa da kibiyoyi masu nuna gangare. Yanzu ina aiki da wani ƙaramin kamfanin gine-gine, kuma duk filin da aka kai ni aunawa, kafin in kafa na'ura sai na nemi dattijon unguwa na tambaye shi, "Baba, da can ta ina ruwa yake bi?" Sau da yawa yakan ɗaga sandarsa ya nuna daidai inda aka riga aka zuba harsashi.